Ƙanƙarar da Tatang Ya Ƙi Karɓa

Tatang Sutarya ya ƙarar da yawancin rayuwarsa yana jiran ruwa ya daskare. Ni kuma sana'ata sayar da gurzajjiyar ƙanƙara ce, a bakin ƙofar ƙaramar jami'ar da yake koyarwa a gefen birnin Bandung. Mutane kan yi dariya in suka ji haka, shi ma yakan taya su. Ya rasu a daminar da ta wuce. Zan faɗi yadda yake, don ban ga wanda zai faɗa ba in na yi shiru.

Ƙauyenmu ɗaya, can cikin tsaunukan Garut. Benci ɗaya muka zauna a firamare, shi yana lissafi, ni ina leƙen taga. Da muka gama, mahaifina ya ce karatuna ya isa haka, ya miƙo min fartanya. Shi kuwa aka yi ta tura shi gaba, daga wannan makaranta zuwa waccan, har ya zama malamin kimiyyar sinadarai. Bai kai farfesa ba. Sau ɗaya ya taɓa hawa jirgi zuwa taro a ƙasar waje, ya dawo yana ƙorafin mutanen can ba su iya dafa shinkafa ba. Babur ɗinsa tsoho ne, in aka yi ruwan sama sai an tura. Lokacin da noma ya ƙi ni na shigo birni da kayana a buhu, shi ya samo min wurin kafa amalanke a gindin bishiyar ƙofar jami'a, ya yi ta lallaɓa masu gadi har suka ƙyale ni.

Kullum bayan azahar yakan sauko, rigarsa duk alli, ya zauna a bencina. In akwai ɗalibai ina ce masa Pak Tatang, wato Malam Tatang, yana ce min Mang Ocim, wato Kawu Ocim, sai ka ce ba mu taɓa satar mangwaro tare ba. Suna watsewa mu koma Tang da Cim. Nakan gurza masa ƙanƙara in zuba ɗanyar kwakwa da fiya da madarar gwangwani. Amma kafin ya taɓa wannan sai ya nemi ruwa zalla a kofin gilas, da dunƙulen ƙanƙara ɗaya a ciki. Ba sha yake yi ba. Kallo yake yi.

"Cim, dubi nan. Me ya hana ta nutsewa?"

"Ai ƙanƙara ce."

"Amsar ɗalibaina ke nan, kuma da ita suke cin jarrabawa."

"To ba ni takardar shaidar mana in rataya a amalanke."

"Ka jefa daskararren man kwakwa cikin narkakke, ƙasa zai yi. Kusan komai in ya daskare tsukewa yake yi, ya ƙara nauyi. Ruwa ne ɗan taurin kai. Shi in ya daskare buɗewa yake yi."

"Sha abinka kafin ya narke, wallahi ba zan sake gurza maka wani ba."

A bene na biyu yake da ɗaki, cike da tsofaffin kwamfutoci da ofisoshi suka zubar ya tsince, ya haɗa su da wayoyi kamar igiyoyin shanya. Ɗakin zafi gare shi, da gurnani ba dare ba rana. A cikin kwamfutocin nan yake kiwon nasa ruwan. Ba ruwan da za ka wanke hannu da shi ba, ruwan lissafi. A fuskar kwamfutar za ka ga akwati, cikinsa 'yan ƙwallaye ja da fari, ɗaruruwa, suna gogar juna kamar kasuwa ranar jajibirin salla. Ya ce min kowace ɗaya ƙwayar ruwa ce, wato mafi ƙanƙantar abin da za a iya kira ruwa. Shi yake rubuta musu doka, yadda za su ja juna da yadda za su ture juna. Sai ya sanyaya akwatin ya zuba ido. In dokarsa gaskiya ce, wata rana za su jeru da kansu, zobe-zobe masu kusurwa shida da rami a tsakiya kamar saƙar zuma, akwatin ya kumbura. Ita ce ƙanƙarar da za ta taso saman ruwa. Abin da yake son gani ke nan kafin ya mutu, ya kuma faɗa min haka tun gashinmu yana baƙi.

Na taɓa ce masa ya kawo kwamfutar in saka masa a firiza, gobe ya zo ya ɗauki abinsa. Ya yi dariya har ya ƙware.

Wata rana na tambaye shi tsakani da Allah, me ya sa abin da firizata take yi kafin gari ya waye shi ya gagare shi shekara da shekaru.

Ya ce, "Waɗanda suka riga ni bibbiyu suke ɗaukar ƙwayoyin. Wannan da waccan, yaya suke jan juna? Sai su tara duka su ce ga ruwa. Ya fi sauƙi, kuma ya yi kusa da gaskiya. Amma ba ita ba ce. Yanzu ni da kai da muke zaune nan, me muke yi?"

"Kana hana ni ciniki."

"Muna shan sigari muna gulmar shugaban sashe. To a ce Nining ta zo ta zauna."

Nining matarsa ce. Na ce, "Sai ka ɓoye sigarin a bayan benci, matsoraci."

"Kai kuma ka gyara zama ka fara ce min Pak. Ka gani? Ba tsakanina da ita kaɗai ya canja ba. Tsakanina da kai ma ya canja, alhali ko kallonka ba ta yi ba. Haka ruwa yake. Ƙwaya biyu suna riƙe da juna, ta uku na matsowa sai riƙon nasu ya ƙara ƙarfi. Ta huɗu ta zo, ya sake canjawa. Wanda ya san su bibbiyu bai san taron ba."

A lokacin na ɗauka surutun 'yan boko ne. Yanzu in na kai wa Nining kayan miya, a bakin ƙofa muke tsayawa, mu gaisa, mu rasa abin faɗa. Mu da muka shekara talatin muna hira a tabarma ɗaya. Ashe shi ne yake riƙe da hirar.

Lissafin uku-uku cin lokaci gare shi. Abin da kwamfutocinsa za su yi wata suna lissafawa, a wajen ruwan gaske bai kai ƙiftawar ido ba. Ga ɗauke wuta. Ga rufin da ke yoyo. Akwai shekarar da ɓera ya ci waya, aikin rabin shekara ya tafi. Tatang ya sauko ya zauna a bencina ya ce, "Ko ɓeran ma ya gaji da jira." Washegari ya sake daga farko. A ƙasashen masu kuɗi akwai masu manyan na'urori da suka yi masa nisa. Yakan karanta abin da suka rubuta ya ce madalla, ya koma kan nasa. Shi doka yake nema mara nauyi, wadda ko tsohuwar kwamfutar makaranta irin tasu za ta iya ɗauka. Shugaban sashe ya yi ta matsa masa ya rubuta abin da ya samu ko a ƙara masa girma. Kullum amsarsa ɗaya, abin bai nuna ba tukuna. Haka yaran da ya koyar suka zo suka wuce shi a muƙami, yana zuwa walimarsu yana cika ciki.

Ba waliyyi ba ne. Mantuwa gare shi ta ban haushi. Ya taɓa barin Nining a kasuwa ya taho gida shi kaɗai a babur, sai da ya ga babu mai buɗe masa ƙofa ya tuna. Muryarsa ba daɗi amma ba a raba shi da waƙa. In muka je kamun kifi a tafkin haya, sai ya manta ƙugiyarsa ya tsaya kallon ƙwarin da ke tafiya a saman ruwa, ni in kamo, shi ya kai gida ya ce nasa ne. Amma ban taɓa jin ɗalibi ya bar karatu saboda yunwa Tatang yana da labari ba. Yakan turo su wurina ya ce in cika musu kwano, in ƙara da soyayyen tempe, wainar waken soyar nan, daga wajen maƙwabciyata.

Allah bai ba su haihuwa ba. Nining tela ce, a gida take ɗinki, bakinta ya fi almakashinta kaifi. In aka tambaye ta yara sai ta ce, "Ɗaya gare mu, yana bene na biyu. Ya ƙi girma, ya ƙi zama wuri ɗaya, kuma uban ya fi son sa da ni." Daga nan sunan ya bi ruwan. Ko ranar Lahadi Tatang zai zura takalmi ya ce zai je duba yaro.

Tari ya fara da shi. Muka ce sanyin damina ne. Ya ci gaba da busa sigarinsa mai kanumfari, ni ina kunna masa. Da ya fara ramewa aka je asibiti, likita ya ja Nining gefe kamar yadda aka saba, don a wajenmu ba a faɗa wa mara lafiya irin wannan magana a fuska. Amma Tatang ya ɗaga hoton ƙirjinsa a hasken taga ya karanta abinsa. Bai nuna mata ya sani ba, ita ma ba ta nuna masa ba. Da ƙarfin da ya rage masa ya hau bene na biyu, ya yi wa dokarsa gyaran da yake ganin shi ne na ƙarshe, ya saki ruwan, ya damƙa mabuɗin ɗakin a hannun Imas. Imas ɗalibarsa ce a da, yanzu ita ma malama ce a sashen. Daga nan ya kwanta.

Kowace yamma in na rufe amalanke sai in leƙa wajen Imas, sannan in wuce gidansa. Kafin in cire takalmi zan ji muryarsa daga ɗaki.

"Yaya yaro?"

"Yana nan yana yawonsa."

"Ɗan banza. Halin ubansa ya ɗauko."

Haka muka yi azumi, muka yi salla. Muryar tana ƙara sirancewa, tambayar ba ta canja ba.

Wata safiya ina fasa ƙanƙara sai ga Imas ta tsaya a gabana, ta riƙe bakin mayafinta.

"Mang Ocim, sun jeru."

Na yar da guduma. Na haura benen nan ban san ina da sauran gudu ba. Ga su kuwa a fuskar kwamfutar, layi-layi kamar sahun salla, kowace tana ɗan karkarwa a wurinta. Na sauko na yi ta rabon ƙanƙara kyauta, har direbobin motar haya sai da suka sha. Na lura Imas ba ta dariya, amma na ɗauka daɗi ne ya yi mata yawa. Ta buga hoton a takarda muka nufi gidan. Ba ta shiga wurin Tatang ba. Madafa ta wuce wajen Nining, suka turo ƙofa, suka daɗe. Da suka fito idon Nining ya yi ja, ta ce gobe za a yi walimar godiya, kuma sai a gaban jama'a za a nuna masa.

Ta kwana tana girki. Shinkafa mai kurkur, an tula ta a faifai an yi mata tsini kamar dutsen ƙauyenmu, an kewaye ta da kaza da ƙwai da ganye. Liman ya zo, maƙwabta suka zo, ɗalibai suka cika har tsakar gida, shugaban sashe ma ya zo da sabuwar riga. Muka ɗauko Tatang muka jingina shi da matasai. Imas ta durƙusa ta miƙa masa takardar da hannu biyu.

Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Ya juya takardar, ya sake juyawa. Sai ya kira ta da Neng, yadda muke kiran 'yan mata.

"Neng Imas, ina lambobin da ke gefe? Girman akwatin?"

"Injin bugawa ne ya yanke su, Pak."

Ya ɗago ya dube ta. Ita tabarma take kallo. Ya dubi Nining, ta juya tana gyara faifan da ba abin da ya same shi. Sai ya cire tabarau ya ce, "Alhamdu lillahi." Gidan ya kaure da murna. Liman ya yi addu'a mai tsawo. Aka miƙa masa cokali ya yanke tsinin shinkafar, wanda ake ba mutumin da ya fi kowa daraja a wurin. Shugaban sashe har ya fara gyara zama. Tatang ya miƙa wa Nining farantin.

"Ke kika fi kowa jira," in ji shi.

Ta karɓa ta kasa ci. Shi kuwa ya ci loma biyu, abin da ya daɗe bai yi ba, ya sa ɗalibai waƙa, ya bi su da muryar nan tasa har tari ya tsayar da shi. Na koma gida ranar ina cewa ko yanzu Allah ya ɗauki abokina, ya ga abin da ya nema.

Da sassafe wayata ta yi ƙara. Shi ne. Na tarar Nining ta tafi kasuwa, shi kuma yana zaune a bakin gado sanye da rigar aiki, ta yi masa yawa kamar ta aro.

"Tayar da babur, Cim."

"Zuwa ina?"

"Wurin yaro."

"Ba ka da hankali? Ko banɗaki sai an riƙe ka."

"Ƙanƙarar ƙarya ce."

Na zauna a ƙasa.

Ya ɗauko takardar daga ƙarƙashin matashi ya nuna min da yatsa. "Ina zoben? Ina ramin tsakiya? Cushe suke kamar ƙwai a kwando. Akwatin tsukewa ya yi, shi ya sa aka yanke lambobin. Wannan in ka jefa ta a kofi, ƙasa za ta yi kamar tsakuwa."

"Wa zai jefa ta a kofi? A takarda fa take!"

"Imas ta sani. Nining ma ta sani. Kai kaɗai ne ka yi murnar gaske jiya, shi ya sa na kasa kallonka."

"Tang, don girman Allah ka karɓa. An yi addu'a, an ci shinkafa, kowa ya tafi yana sa maka albarka. Daskarewa kake nema, ga shi ya daskare. Wa zai sani?"

"Yaran nan za su ɗauka su koyar. Wani zai ɗora nasa aikin a kai, ya zubar da ƙuruciyarsa yana neman inda ya yi kuskure, alhali kuskuren nawa ne ina kwance a kabari a Garut."

"To jiya me ya hana ka faɗa?"

"Jiya matata ta kwana tana dafa shinkafa. Yau babu shinkafa. Tashi mana, tsoho, kafin ta dawo ta yanka mu."

Na yi masa kuka, na zage shi, na ce ba za ni ba. Ya bar ni na gama, sannan ya miƙo min mabuɗin babur. Da zanen da yake ɗaurawa in zai yi salla na ɗaure shi a bayana don kada ya zame. A hankali muka tafi, kansa a kafaɗata, ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. A gindin benen na goya shi. Bai fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba. A kunnena yake cewa, "Ka ga ranar sayar da ƙanƙara, da farfesa ne da tuni ya yar da ni."

Imas ta shigo ta gan mu, littattafan hannunta suka zube. Ta durƙusa tana kuka. "Pak, ka yafe min. Na ga akwatin ya tsuke. Na kasa..."

"Na sani, Neng. Da ni ne a wurinki wataƙila abin da zan yi ke nan. Share hawayenki ki buɗe min wurin uku-ukun nan."

Suka duƙufa. Ni ina tsaye a bayansa na tallafe shi da ƙirjina don kujerar ba ta da hannu. Ban gane komai a abin da suke faɗa ba. Wajen azahar sai ya buga tebur da 'yan yatsunsa, ya yi wata 'yar dariya.

"Ga shi. Nawa ne, da hannuna na rubuta. In uku suka matsu sosai, maimakon su ture juna sai na sa suka ƙara rungumar juna. Dole su cushe."

Suka gyara. Ya ce wa Imas ta narkar da komai a faro daga ruwa. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin kwamfutar ta kasa dannawa, sai ya ɗora nasa a kan nata. Ina kallo layukan nan suka karye, ƙwallayen suka watse suka koma yawonsu.

Na ce, "Wannan karon zai daɗe?"

Tatang ya ce, "Na ƙaryar ma ka ga yadda ya daɗe. Na gaskiya sai ya fi shi daɗewa."

Muka tarar da Nining zaune a dokin ƙofa, kwandon cefanen a gefenta ko buɗewa ba ta yi ba. Ta dube shi ɗaure a bayana. Kang take ce mana ni da shi, wato yaya.

"Ka je ka narkar da ita ko, Kang?"

"Na narkar."

"Mai taurin kan tsiya." Ta juyo kaina. "Kai kuma, Kang Ocim, da girmanka, ko jaki aka ce ya ɗauki gawa yakan ƙi wani lokacin." Sai ta toshe bakinta da hannu saboda kalmar da ta suɓuce mata. Tatang ya ce, "Ƙyale shi, jakin nan ya yi ƙoƙari." Ta kwance zanen da kanta, ta taya ni shigar da shi, ta zauna ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta tana matsa masa. Ba ta sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Bayan nan bai ƙara tashi ba. In na shigo da yamma yakan motsa leɓe, in sunkuya.

"Yaro?"

"Yana yawo."

"Madalla. Bai yi ƙarya ba."

Daga baya tambayar ta koma ido kawai, in girgiza kai, ya lumshe. Sau da yawa a hanya nakan shirya cewa yau zan ce masa ya daskare, da zobensa da komai. Ina shiga in ga idon nan sai maganar ta maƙale. Mutumin da ya sa aka goya shi ya hau bene don ya ƙi ƙarya, ba ni zan kai masa wata har gado ba.

Ya cika da hantsi ranar wata Talata, ana yayyafi. Ni na yi masa wanka. Muka kai shi Garut muka kwantar da shi kusa da iyayensa. Da aka miƙo min buta in zuba ruwa a kan kabarin kamar yadda kowa ya yi, sai ƙanensa ya kama min muka zuba tare.

Kwamfutocin suka ci gaba da gurnani a bene na biyu. Ban daina hawa ba. Kowace yamma in tsaya a bayan Imas in leƙa, in sauko, in rasa inda zan kai labarin. Bayan sadakar arba'in aka ce ana bukatar ɗakin, za a zuba sababbin na'urori na ɗalibai, tsofaffin nan kuma wuta kawai suke sha. Ban ga laifin kowa ba. Imas ta yi ta roƙo har aka ƙara mata zuwa ƙarshen zangon karatu. Zangon ya ƙare.

Ta sauko da kanta ta same ni. "Mang, yau ne. Na ce ko za ka so ka zo."

Na rufe amalanke na bi ta. Ta ce min ta adana komai daidai inda ya tsaya, duk wanda ya samu hali zai iya ɗorawa daga nan. Na tambaye ta ko akwai mai niyya. Ta ce a yanzu dai babu, ita kuma an cika mata azuzuwa.

Muka zauna muna kallo. Can a wata kusurwar akwatin sai na ga shida sun kama juna sun yi zobe, da raminsa a tsakiya. Wani ya haɗu a jikinsa. Na miƙe tsaye.

"Neng! Neng, duba!"

"Na gani, Mang. Haka suke yi, su haɗu su rabu. Wata rana haɗuwar takan kama ta yaɗu. Ba wanda ya san ranar."

Kafin ta rufe baki zoben ya ɓalle. Na roƙe ta a bari zuwa la'asar. Ta bari. Masu kwashe kaya biyu suka zo suka tsaya a bakin ƙofa suna jiran mu, har ɗayan ya zauna a ƙasa. Aka kira salla. Na ce a ƙara kaɗan. Ta ƙara. Sai da hasken taga ya fara ja ta dube ni, na kawar da kai, ta danna.

Ƙwallayen suka tsaya cak, kowace a inda motsi ya bar ta.

Ɗaya daga cikin masu kwashe kayan ya leƙo ta kafaɗata. Ya san Tatang, ya kuma ci shinkafar walimar nan. Cikin tausayi ya ce, "Ai ga shi nan, Mang, ya daskare. Allah ya jiƙan Pak Tatang."

Na matsa kusa da fuskar kwamfutar na duba daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na so in ce masa haka ne. Babu zobe ko ɗaya.

Na ce, "A'a. Tsayawa kawai ya yi."

Ya sake leƙa fuskar kwamfutar. Sannan ya sunkuya ya zare wayar daga bango, gurnanin ɗakin ya ɗauke.